Wa ke riƙe da guga? Fashin baƙi kan buɗaɗɗun manhajojin bulog

A watan Mayun 2004 wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka mai suna Six Apart ya fitar da sabon jadawalin farashi na manhajarsa, Movable Type. A wancan lokaci ita ce manhajar da mafi yawan masu bulog da ke ji da kansu suke ɗorawa a kan saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafi tana miƙa shi ga duk wanda ya nema. Ben Trott da matarsa Mena Trott ne suka rubuta ta a 2001, kuma kusan shekara uku ɗaiɗaikun mutane suna amfani da ita kyauta, wanda ya ga dama ya aika da ɗan abin da ya sawwaƙa. Da siga ta 3.0 ta fito, sai aka ce kyautar tana da iyaka: marubuci ɗaya, bulog uku. Wanda ya wuce haka ya biya. Nan take aka yi ca a kan kamfanin. Wani sanannen marubucin fasaha, Mark Pilgrim, ya yi lissafi ya ga dala 535 zai biya, sai ya kwashe shafinsa ya koma wata ƙaramar manhaja da ba ta cika shekara ɗaya da fitowa ba, ya kuma miƙa kuɗin ga masu rubuta ta. Sunanta WordPress.

Abin lura shi ne Six Apart bai karya wata yarjejeniya ba. Manhajarsa ce, shi ke da ikon sa mata farashi. Kuma tushen Movable Type, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, ba a ɓoye yake ba. Da yaren Perl aka rubuta ta, kowa na iya buɗewa ya karanta, har ya yi wa nasa kwafin kwaskwarima. Abin da ba a yarda ba shi ne ka ɗauki wanda ka gyara ka raba wa jama'a. Wannan ɗan sharaɗi kaɗai shi ne ya raba ta da WordPress, wadda ke ƙarƙashin lasisin GPL da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1989, aka sabunta a 1991. GPL ya ba mai amfani izinin gudanar da manhaja don kowace buƙata, ya bincike ta ya sauya ta, ya raba kwafinta, ya kuma raba wadda ya sauya, bisa sharaɗin cewa duk wanda ya karɓa daga hannunsa shi ma yana da wannan izini. Ko kuɗi aka sayar da ita, izinin yana tare da ita.

WordPress ita kanta shaida ce kan amfanin wannan izini, domin daga gawar wata manhaja ta tashi. Wani Bafaranshe, Michel Valdrighi, ya rubuta b2/cafelog a 2001 da yaren PHP, ya sa ta a ƙarƙashin GPL. Wajen ƙarshen 2002 sai aka daina jin ɗuriyarsa. A Janairun 2003 wani ɗalibi ɗan shekara 19 a birnin Houston, Matt Mullenweg, ya rubuta cewa manhajar da yake amfani da ita ta zama marainiya, kuma tunda lasisinta ya yarda, yana tunanin ɗaukar tushenta ya ci gaba da ita. Mike Little, wani mai rubuta manhaja a Stockport ta Ingila, ya amsa cewa in da gaske yake, shi ma zai sa hannu. Ranar 27 ga Mayun 2003 suka fitar da WordPress 0.7. Ba su kaɗai suka ɗebi tushen b2 ba. François Planque ya yi b2evolution, Donncha Ó Caoimh ya yi nasa reshen wanda daga baya ya zama WordPress mai ɗaukar shafuka da yawa, aka haɗe shi da uwar a siga ta 3.0 a 2010. Da Valdrighi ya sake ɓullowa, sai ya sa wa WordPress albarka a matsayin magajiyar aikinsa. Yau, bisa ƙididdigar W3Techs, masu bibiyar manhajojin da shafukan intanet ke amfani da su, sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke.

Ƙarshen labarin Movable Type ma yana da darasi ga mai zaɓe. A Disambar 2007 Six Apart ya saki wata siga a ƙarƙashin GPL, amma jama'a sun riga sun watse. A 2013, da siga ta 6, aka sake rufe ta. Yaya aka yi hakan ya yiwu, bayan an ce GPL ba ya warwaruwa? Sigar da aka saki tana nan a sake har abada, amma mai haƙƙin mallaka yana da ikon fitar da sababbin sigogi da wani lasisi daban, kuma haƙƙin Movable Type a hannun kamfani ɗaya yake. A WordPress kuwa, duk wanda ya ba da gudummawa yana riƙe da haƙƙin abin da ya rubuta, ga kuma gadon b2 a ƙasa. Wanda zai sauya mata lasisi sai ya nemi amincewar dubban mutane, wasu ma sun rasu. Saboda haka idan wata manhaja ta ce sai ka sa hannu a takardar miƙa mata haƙƙin gudummawarka, ba lallai da mugun nufi ba ne, amma ka karanta takardar da kyau ka ga abin da ta ba su damar yi gobe.

Abin da ke faruwa bayan mai karatu ya danna

Kafin a kai ga maganar wace manhaja ta fi, sai an fahimci cewa gida biyu ne, kuma bambancinsu yana a kan lokacin da ake haɗa shafi.

A gidan farko, inda WordPress take, babu shafin da ke ajiye yana jira. Rubutunka yana cikin rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, a wani teburi da aka saba kira wp_posts, kowace maƙala layi guda. Da mai karatu ya danna adireshi, sai PHP ya farka a kan saba, ya loda WordPress da duk abin da aka maƙala mata, ya tambayi rumbu wace maƙala ake nema, ya ɗauko ta, ya sanya mata rigar shafi, wato tsarin kamanninsa, ya haɗa HTML, rubutun da burauzar mai karatu ke juyawa ta nuna shafi, ya aika. Mutum na gaba ya danna, a sake daga farko. Wannan ne ya sa ake iya shiga daga waya a rubuta, a sa lokacin da rubutu zai fito da kansa, a ba marubuta goma izini daban-daban, masu karatu su bar ra'ayi. Wannan ne kuma ya sa ƙaramar saba ta haya take durƙushewa ranar da labarinka ya yaɗu. Maganin da aka saba shi ne a riƙa ajiye kwafin shafin da aka riga aka haɗa na ɗan lokaci, ana miƙa shi kai-tsaye.

Gida na biyu ya ce, to me zai hana a haɗa shafukan gaba ɗaya tun farko? Tom Preston-Werner, ɗaya daga waɗanda suka kafa GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye tushen aikinsu, ya fitar da Jekyll a 2008 da yaren Ruby. Steve Francia ya fara Hugo a 2013 da yaren Go, daga baya ragamarta ta koma hannun Bjørn Erik Pedersen ɗan ƙasar Norwe. A nan kowace maƙala fayil ce ta rubutu zalla a kan kwamfutarka, da tsarin Markdown da John Gruber ya ƙirƙira a 2004, inda tauraro biyu a gefen kalma ke nufin a kaurara ta. Ka ba da umarni ɗaya, manhajar ta juya fayilolin duka zuwa shafukan HTML, ka ɗora su. Babu rumbun da za a fasa, babu ƙofar shiga da ɓarayi za su yi ta gwada kalmar sirri a kanta, shafi yana buɗewa da sauri ko da netwok ba ƙarfi, kuma wurare irin su GitHub Pages suna ajiye shi ba ko sisi. Masu rubuta manhaja suna son wannan gida ƙwarai, har sukan manta cewa ba kowa ke zaune gaban kwamfuta ba. Wanda duk rubutunsa a waya yake yi, ko jaridar da editanta zai duba aikin wakilai shida kafin ya fita, zai sha wuya a nan. Gyaran harafi ɗaya ma sai an sake gina shafin an ɗora.

Wata manhajar bulog mai suna Ghost tana gidan farko amma da wata aƙida daban. John O'Nolan ya yi aiki a sashen tsara fuskar WordPress, ya ga ta tashi daga manhajar rubutu ta koma manhajar komai da komai. A ƙarshen 2012 ya zana yadda manhajar rubutu kawai za ta kasance. A 2013 shi da Hannah Wolfe suka nemi fam 25,000 a Kickstarter, dandalin neman tallafin jama'a, jama'a suka tara sama da fam 196,000. An gina ta da Node.js, lasisinta MIT ne, shi ma buɗaɗɗen lasisi, kuma wata gidauniya da ba ta neman riba ce ke riƙe da ita, babu masu hannun jari da za su sayar. Tana zuwa da aika wasiƙar labarai ta imel da karɓar kuɗin masu biyan wata-wata a cikinta. Sai dai ba ta zama a kan hayar saba mai araha da aka tanada don PHP, kuma karɓar kuɗin nata ta hanyar Stripe yake, wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, saboda haka mai niyyar sayar da rubutu ya fara duba ko Stripe na buɗe wa 'yan ƙasarsa asusu kafin ya yi nisa.

Shawarar da ta fi kowace tasiri a tarihin tsarin WordPress an yanke ta ne a siga ta 1.2, wadda ta fito a watan Mayun 2004 ɗin nan da mutane ke guduwa daga Movable Type. A cikinta aka kawo fulogin, ƙananan manhajojin da ake maƙala mata. Dabarar mai sauƙi ce. A duk tsawon tafiyar haɗa shafi an bar wuraren rataya masu suna. Misali, kafin a nuna jikin maƙala, WordPress tana tsayawa a wani wuri mai suna the_content ta ce: akwai wanda yake son taɓa wannan rubutu? Fulogin ɗin da ya yi rajista a wurin sai a miƙa masa rubutun, ya ƙara gayyatar bin tashar WhatsApp a ƙasa, ya mayar. Wani ya karɓa ya sa talla bayan sakin layi na uku. Layi biyar na PHP sun isa yin wannan, ba tare da an taɓa uwar manhajar ba, kuma idan sabuwar siga ta fito aikinka yana nan. A 2005 siga ta 1.5 ta yi wa rigunan shafi irin wannan gata. Daga nan kasuwa ta buɗe. Yau akwai fulogin kusan 60,000 a rumbun WordPress na kyauta, kuma WooCommerce, wadda dubban shaguna ke ciniki a kanta, fulogin ce ita ma.

Ga inda gizo ke saƙar: babu katanga tsakanin fulogin da uwar manhaja. Wanda aka ɗora don nuna agogo a gefen shafi yana da ikon karanta duk rumbun bayanai, ya ƙirƙiri sabon shugaban shafi mai cikakken iko, ya rubuta fayil a saba. Shi ya sa mafi yawan ramukan tsaro da ake ganowa kowace shekara a duniyar WordPress a fulogin suke, ba a uwar ba. Mai shafin da ya tara fulogin 40 ya ba mutum 40 da bai taɓa gani ba makullin gidansa, wasu daga cikinsu ma sun daina duba aikin tun shekaru. Mafi muni su ne riguna da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a wasu wurare bayan an cire musu makulli. A shari'ance GPL bai hana raba su ba. Matsalar ita ce wanda ya cire makullin sau da yawa yakan bar tasa ƙofar a ciki, bayan wata biyu mai shafi ya ga Google na nuna tallan caca a ƙarƙashin sunansa. Kafin ɗora kowane fulogin a duba yaushe aka sabunta shi, mutum nawa ke amfani da shi, kuma mai shi yana amsa koke ko ya yi shiru.

Akwai wata ɗabi'a ta WordPress da masu rubuta manhaja ke yi wa dariya, ni kuwa ina ganin ita ce rabin nasararta: ba ta son karya abin da ke aiki. PHP 5.2 an daina kula da shi tun farkon 2011, amma WordPress ta ci gaba da gudana a kansa har 2019, domin akwai miliyoyin shafuka a kan tsofaffin sabobi da masu su ba su san ma mene ne PHP ba. Farashin wannan haƙuri shi ne tsohon kaya da ya taru a cikinta. Sau ɗaya ta yi babban tsalle, ranar 6 ga Disambar 2018, da siga ta 5.0 ta kawo sabon wurin rubutu mai suna Gutenberg inda kowane sakin layi ko hoto yake zama tubali mai zaman kansa. An kai ruwa rana. Miliyoyin shafuka suka ɗora fulogin ɗin da ke dawo da tsohon wurin rubutu, wasu suka ɓalle suka kafa ClassicPress. Duk da haka, a wuri ɗaya masu tsara Gutenberg sun yi abin a yaba. Tubalan ana ajiye su ne a matsayin HTML na yau da kullum, da 'yar alama a sama da ƙasa da burauza ba ta nunawa. Ko an cire Gutenberg, rubutun yana karantuwa. Kwatanta da wasu fulogin na gina shafi, waɗanda idan ka cire su sai ka tarar da maƙalarka cike da tarkacen alamomi.

Ƙofar fita

Wannan ya kawo mu ga ma'aunin da nake ganin ya kamata ya zo kafin kyawun riga da yawan fulogin: idan na gaji da wannan manhaja bayan shekara biyar, yaya zan fita, kuma me zan bari a baya? Posterous, wani dandalin buɗe bulog, ta yi tashe, Twitter ya saye ta a 2012, aka rufe ta a ƙarshen Afrilun 2013. Microsoft ya rufe nasa dandalin, Windows Live Spaces, ya tura mutane WordPress.com, wani dandalin bulog da ke kan manhajar WordPress, tun daga 2010. Wanda bai kwashe kayansa a kan lokaci ba ya yi asara. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta rufuwa ta wannan hanya, amma tana iya mutuwa a tsaye, kamar yadda Melody, reshen da aka cire daga Movable Type a 2009, ya bushe ba tare da kowa ya sanar ba.

Gwajin ba shi da wuya, kuma a makon farko ya kamata a yi shi. Rubuta maƙala uku da hotuna, ka fitar da su, ka gwada shigar da su wata manhaja. A WordPress za ka samu fayil ɗin XML ɗauke da maƙaloli da rukunoni da ra'ayoyin masu karatu. Hotunan ba sa ciki, adireshinsu kawai yake ciki, sabuwar manhajar za ta je tsohon shafi ta ɗauko su. Idan kuɗin haya ya ƙare an rufe tsohon, shi ke nan. Mutane da yawa sai a ranar ƙaura suke gane haka. Ajiya ta gaskiya ita ce kwafin rumbun bayanai tare da jakar wp-content inda hotuna da riguna da fulogin suke, a wani wuri da ba sabar da shafin yake ba. A Ghost fayil ɗin JSON ne, shi ma ba hotuna. A Hugo da Jekyll kuwa babu ma abin fitarwa, fayilolin suna hannunka tun farko. Sai adireshin shafi: a saye shi da sunan mai shafi da imel ɗinsa, ba da sunan yaron da aka ba kwangilar ginawa ba. Mai riƙe da adireshi yana iya sauya manhaja sau goma masu karatu ba su sani ba, matuƙar ya karkatar da tsofaffin hanyoyi zuwa sababbi.

Rijiya ta bayar

Har zuwa 2024 mutane da yawa sun ɗauka cewa tunda lasisi GPL ne, magana ta ƙare. Abin da ya faru a watan Satumbar shekarar ya nuna akwai sauran rina a kaba.

Sai an fara rarrabe abubuwa huɗu da suke kama da juna. Akwai manhajar WordPress, ta kowa da kowa. Akwai Automattic, kamfanin da Mullenweg ya kafa a 2005, mai WordPress.com da WooCommerce da Tumblr. Akwai Gidauniyar WordPress, wadda aka miƙa wa sunan a 2010, amma Automattic ya riƙe izinin kasuwanci da shi. Sai WordPress.org, inda kusan kowane shafin WordPress a duniya ke zuwa neman sabuntawa da fulogin da riguna da fassara. Mutane sun zaci na gidauniyar ne. Mullenweg da bakinsa ya ce nasa ne shi kaɗai.

A WordCamp na Amurka, taron masu amfani da WordPress da aka yi a Portland, Mullenweg ya hau mumbari ya caccaki WP Engine, babban kamfanin ba da hayar saba wanda masu zuba jari na Silver Lake suka sa wa dala miliyan 250 a 2018. Hujjarsa ita ce suna cin ɗaruruwan miliyoyi daga WordPress, amma yayin da Automattic ke ba da kusan sa'o'i 4,000 na aikin ma'aikata a mako, su nasu bai wuce kimanin 40 ba. Tun 2014 yake kiran kamfanoni su ware kashi 5 cikin 100 na ƙarfinsu ga aikin. Automattic ya nemi kashi 8 cikin 100 na kuɗin shigar WP Engine a kan amfani da sunan. Suka ƙi. Ranar 25 ga Satumba aka toshe sabobinsu daga WordPress.org, shafukan kwastomominsu suka daina samun sabuntawa ta hanyar da aka saba. WP Engine ya kai ƙara a farkon Oktoba. Ma'aikatan Automattic 159 suka karɓi kuɗin sallama suka tafi. A 12 ga Oktoba aka karɓe wurin fulogin ɗin WP Engine mai suna Advanced Custom Fields, wanda ke kan shafuka sama da miliyan biyu, aka sauya masa suna. Aka kuma sa wani akwati a ƙofar shiga WordPress.org da sai mutum ya danna cewa ba shi da alaƙa da WP Engine. A 10 ga Disamba kotun tarayya a Kalifoniya ta ba da umarnin wucin gadi a mayar da komai yadda yake. Aka cire akwatin, aka maye gurbinsa na ɗan lokaci da wani mai cewa abarba tana da daɗi a kan fiza. Wasu sun yi dariya, wasu ba su ga abin dariya ba.

Koken Mullenweg ba shirme ba ne. Tsohuwar cuta ce a duniyar buɗaɗɗun manhajoji a samu 'yan kaɗan suna wahala, masu kuɗi suna kwasa, kuma GPL bai tilasta wa kowa ya mayar da komai ba in dai bai raba manhajar ba. Amma bulalar da ya ɗauka a jikin masu shafuka ta sauka, mutanen da ba su san ana rigima ba. Babu layi ɗaya na lasisi da aka karya a duk wannan. Rijiya ta bayar, guga ya hana: tushen manhaja na kowa ne, amma adireshin da aka rubuta a cikinta don neman sabuntawa na mutum ɗaya ne. A Janairun 2025 Automattic ya rage gudummawarsa zuwa kimanin sa'o'i 45 a mako, aikin ya yi sanyi, kafin ya sanar da dawowa a ƙarshen Mayu. A watan Yuni wasu tsofaffin masu ba da gudummawa suka ƙaddamar da FAIR a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, tsarin da zai bar shafi ya karɓi sabuntawa daga wurare da dama. Mai tsara sabuwar manhajar bulog yau, idan ya rubuta adireshi ɗaya tak a cikinta ba tare da hanyar sauya shi ba, ya san abin da yake ginawa.

Sa hannu a aikin

Mutane sukan zaci gudummawa sai wanda ya iya PHP. Masu riƙe da manhaja kuwa abin da ya fi ci musu lokaci shi ne rahoton da ke cewa "ba ya aiki" kawai. Rahoto mai amfani yana faɗin siga, da matakan da za a bi matsalar ta sake faruwa, da abin da aka zata da abin da aka gani, bayan an kashe duk fulogin an koma rigar asali don a tabbatar laifin daga uwar yake. A WordPress ana shigar da shi a Trac, tsohon tsarin karɓar rahoto da suke amfani da shi, kodayake ana iya turo gyara ta GitHub a haɗa shi da lambar rahoton. 'Yan mutane ƙalilan ne ke da ikon shigar da gyara cikin uwar manhaja, kuma idan sun shigar sukan jera sunan duk wanda ya taimaka, har wanda gwaji kawai ya yi. Sunayen nan ne ke fitowa ɗaruruwa a sanarwar kowace siga. Ramin tsaro shi kaɗai ne ba a shelanta shi a fili, ana kai shi a asirce ta HackerOne, dandalin karɓar irin wannan rahoto. Sai haƙuri: akwai rahotannin da suka shekara goma a buɗe, kuma gyara mai kyau yana iya kwana a layi don babu mai lokacin dubawa. Ƙananan manhajoji sun fi saurin amsa, amma a can sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da komai bayan ya taso daga aikinsa na neman abinci. A tambaye shi kafin a kwashe wata guda ana gina abin da bai nema ba.

Ga mai jin Hausa akwai aikin da babu mai yi masa. Fassarar WordPress ana yin ta ne jimla-jimla a translate.wordpress.org, kowa na iya ba da shawara, amma sai editan harshen ya amince take shiga, kuma fassarar fulogin ko riga ba ta isa ga masu shafuka sai ta kai kashi 90 cikin 100. Saboda haka mutum 20 da kowa ya taɓa fulogin daban ya bari ba su kai mutum uku da suka ɗauki guda ɗaya suka gama ba. Kafin a fara ma, a zauna a daidaita kalmomi, kada wani ya rubuta "wallafa" wani ya rubuta "buga" a kan maɓalli ɗaya.

Sannan akwai haruffanmu masu ƙugiya. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ƙ da ƴ suna wani rukuni, ɓ da ɗ suna wani rukunin daban na alamomin furuci. Zanen haruffa da yawa da ake sa wa rigunan shafi bai kai can ba, sai burauza ta aro harafin daga wani zanen, ka ga ɗ a tsakiyar kalma ta fi 'yan'uwanta tsawo ko kauri, wani lokaci ma akwati ne zai fito. Mai zaɓen riga ya rubuta "ƙwaƙwalwar ɗan ɓera" a kanun gwaji da kaurin rubutu da karkatacce, ya duba a waya. Haka kuma wajen haɗa adireshin maƙala daga kanunta, WordPress tana da jadawalin da ke mayar da é ta Faransanci zuwa e, da ñ ta Sifaniyanci zuwa n. Harafin da ba ya cikin jadawalin sai a rubuta shi da lambobi: ƙasa ta koma %c6%99asa, ɗan ya koma %c9%97an. Adireshin yana aiki, amma idan aka kwafa shi zuwa WhatsApp yakan fito dogo mai ban tsoro, har wasu su ƙi dannawa. Ana iya gyara adireshin da hannu kafin a wallafa. Ana kuma iya rubuta ɗan fulogin da zai rataya a wurin da ake kira sanitize_title, ya mayar da haruffa takwas, manya da ƙanana, zuwa k da d da b da y kafin WordPress ta taɓa su. Bai kai layi 15 ba. Abin kiyayewa ɗaya ne: ya yi aiki a kan sababbin maƙaloli kawai, domin idan ya taɓa adireshin tsofaffi, duk hanyoyin da aka riga aka yaɗa za su mutu.